Jan da ke wayarka ba shi zai fito a takarda ba



Yau a kan launi za mu tattauna: jan nan mai duhu kamar zoɓo, wanda lambarsa a intanet #DC143C ce. Mu 'yan Daura mun saba da ja tun a jikin dogarai ranar Hawan Magajiya, amma wurin zane sai an yi hattara.

Bara muka haɗa fastar neman masu ba da jini. A waya ta yi kyau sosai. Da aka buga, wallahi jan ya dushe, baƙin rubutun da ke kansa ko karantuwa ba ya yi. Kuɗin karo-karo ne fa, haka suka tafi.

Me ya jawo? Waya da haske take haɗa launi, wato RGB. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK. Don haka ka mayar da aikinka CMYK, ka sa farin rubutu a kan jan, a buga maka gwaji ɗaya kafin ka biya kuɗin sauran.

Sannan ka duba inda za a liƙa ta. A Kano, ja ya yi yawa sai a ɗauka Kwankwasiyya kake tallatawa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.