Littafin Baftisma da Jerin Masu Baiko: Wanne Za a Adana, Wanne Za a Ƙona

 

A daren Juma'a, 11 ga Disamban 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora yara zuwa daji. Da gari ya waye, tambayar farko da iyaye suka yi ita ce wadda ta fi wuyar amsawa: yara nawa aka tafi da su, kuma su wane ne? Waɗansu sun tsallake katanga sun kwana a jeji, waɗansu sun wuce gida ba su sanar da kowa ba. Gwamnan jihar Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce ɗalibai 333 ne ba a gani ba. Ranar 17 ga wata da aka sako su, 344 aka ƙirga. Ba ina ɗora wa kowa laifi ba ne, dare ne da tashin hankali. Amma wannan makarantar gwamnati ce, mai rajista da malamai da ofis. To ina ga malam katikis ɗaya a ƙauyen da ke gefen dajin Rugu, wanda aka watse masa jama'a cikin dare, washegari fada ya kira shi ya ce, "Malam, su wa suka rage?"

Maganata ta yau guda ɗaya ce. Bayanan da ke hannun kowace farish iri biyu ne. Akwai waɗanda dole su rayu shekara ɗari, akwai waɗanda bai kamata su kwana wata guda ba. Abin da ke damuna shi ne mun juya al'amarin: na farko mun bar wa gara da yoyon rufi, na biyu kuwa muna shelarsu da lasifika, muna yaɗa su a WhatsApp.

Rubuta sunayen jama'a ba sabon abu ba ne a ɗariƙar Katolika. Tun babban taron Trent, a ƙasar Italiya ta yau, aka wajabta wa kowace farish a 1563 ta riƙe littafin baftisma da na aure. A 1614 aka ƙara na mamata da na ƙidayar gidaje. Dokar Ikklisiya ta 1983, a sashe na 535, ta sake jaddada wannan: a rubuta daidai, a sa hatimi, a keɓe ma'ajiya, bishop ya duba idan ya zo ziyara, kuma fada ya kula kada littattafan su faɗa hannun wanda ba su shafa ba. Wanda bai san yadda tsarin yake aiki ba yakan ɗauka littafin baftisma rajistar jarirai ce kawai. A'a. Shafin da aka rubuta mutum ranar baftismarsa shi ne shafinsa har ya mutu. In ya karɓi tabbatarwa, can za a koma a rubuta. In ya yi aure a Legas ko Fatakwal, sai an aiko da sanarwa an rubuta a gefen sunansa. In ya zama fada, haka. Yarinyar da aka yi wa baftisma a wani ƙauyen Faskari, yau tana zaune a Zariya tana shirin aure, daga wannan littafin za a ciro shaidar cewa ba ta da wani aure a kanta. Tsofaffi da yawa kuma, waɗanda aka haifa ba a san Hukumar Ƙidaya ba, katin baftisma ne kaɗai takardar da ke nuna shekarunsu. In littafin ya ƙone, doka ta yarda a nemi mai shaida. Amma a yankin da ƙauye guda yake rabuwa uku, wasu Funtua, wasu Malumfashi, wasu Kaduna, ina za a samo uban baftisman da zai tsaya?

Ƙasar Ailan ta ga wannan. A watan Yunin 1922, lokacin yaƙin basasarsu, gobara ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati a Dublin, ta tafi da ɗimbin littattafan cocin Angilika da aka tattara a can. Na Katolika suka tsira domin suna warwatse a farish-farish. Su a birni wuta ta same su, mu a ƙauye take samunmu, amma cutar ɗaya ce: kwafi ɗaya a wuri ɗaya. Daga baya ɗakin karatu na ƙasar ya ɗauki hoton littattafan Katolika, a 2015 ya sa su a intanet. Sai dai ku lura, tsofaffin ya sa, waɗanda galibinsu suka tsaya a wajejen 1880, masu sunayen duk sun daɗe da komawa ga Ubangiji.

Mu yanzu muna da dama da ba ta zuwa sau biyu. A watan Oktoban 2023 Fafaroma Francis ya cire dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko. Sabon gida lokacin jera kaya yake, kuma ma'ajiyar da aka kafa a shekarun farko ita ake gada. Littattafanmu mafiya tsufa suna ɗauke da rubutun hannun fada-fadan Dominikan da suka yi aiki a wannan yanki tun shekarun 1950. Shawarata a ɗauki hoton kowane shafi, a zuba a ma'ajiyar kwamfuta mai kulle wadda ba a jona ta da intanet, kwafi ɗaya a ofishin bishop a Katsina, ɗaya a wani garin daban. A riƙa sabuntawa kowace shekara. Littafin kansa ya zauna a akwatin ƙarfe, sama da ƙasa, a garin da ya fi tsaro cikin farish. Katikis na ƙauye ya riƙe ɗan littafin wata-wata kawai, ya kawo a kwafe. Manomi ba ya zuba iri da hatsin ci a buhu ɗaya. Iri yakan samu wurin da ɓera da ruwa ba sa kaiwa.

Kada kuma wani ya ce a zuba komai a intanet a huta. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni babu kira balle intanet. Wanda duk bayanansa suke can, a lokacin hannunsa wayam yake. Takarda da biro ba su gama aiki a ƙasar nan ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi tsaya mini a rai.

Kowa a nan ya san ɓarayin daji ba sa shiga gari da ka. Ana kai musu rahoto: wane ya sayar da masara buhu kaza, ɗan wance yana aiki a Abuja, gidan wane aka kawo sabon babur. To ku tuna ranar godiyar kaka a cocinmu. Mai shela ya riƙe lasifika, ya kira suna, ya faɗi adadi, a yi tafi, a buga ganga. Muryar tana kaiwa har bakin kasuwa. Da yamma sakataren kwamiti ya ɗauki hoton jerin ya tura zauren WhatsApp mai mutum fiye da ɗari, wanda rabinsu sun canza layi, ba a san wanda ke riƙe da lambar yanzu ba. Aikin da mai kai rahoto zai yi wata yana yi, mun yi masa shi kyauta cikin awa biyu. Na san dalilin al'adar. Shela tana zaburar da mai hannu da shuni, kuma tana hana kwamiti cin kuɗi a ɓoye. Dalilai ne masu ƙarfi, ban raina su ba. Amma ana iya faɗin jimillar abin da aka tara a bainar jama'a, a ba kowa rasit nasa a hannu, mutum biyu su sa hannu a lissafi, ba tare da an rataya wa kowa farashi a wuya ba.

Mafi haɗari duka shi ne jerin gudummawar kuɗin fansa. Idan aka ɗauke ɗan'uwa, mukan zagaya gida-gida, kuma daidai ne mu yi. Sai dai takardar da ta fito daga wannan zagaye tana faɗin wanda ya iya fitar da dubu ɗari cikin kwana biyu, wato wanda za a zo wa gaba. Irin wannan jeri a rubuta shi da hannu, kwafi ɗaya, kada ya shiga waya. Da zarar iyalin sun gani, an yi godiya, a ƙone shi a gaban shaidu.

Sai waya. A watan Mayun 2021 aka kai hari gidan fada na cocin St. Vincent Ferrer a Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello, aka tafi da Fada Joe Keke. A watan Mayun 2022 aka ɗauke Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara tare da yara biyu daga cocin St. Patrick a Gidan Maikambo, ƙaramar hukumar Kafur. Allah ya ba Fada Bello hutawa ta har abada. Na kawo su ne don mu daina yin kamar gidan fada wuri ne da ba a shiga. Waɗanda suka fito daga daji sukan ce waya ce abin da ake fara karɓa. Masana kwamfuta za su ce a sa lambar sirri mai ƙarfi, kuma a sa ɗin, tana maganin ɓarawon kasuwa. Amma mutumin da aka ɗora wa bindiga a kai zai buɗe, kuma babu mai ganin laifinsa. Abin da ba ya cikin wayar shi kaɗai ne ba za a iya tilasta masa ya nuna ba. Don haka, ranka ya daɗe Fada, da kai malam katikis, wayar da kake kwana da ita a ƙauye kada ta ɗauki hoton rajista, ko saƙon banki na asusun coci, ko sunayen da aka adana da kirari irin su "mai ba da gudummawa" ko "soja ɗan wane".

Sai takardun da muke rabawa a cika. A Amsterdam, lokacin da Jamus ta mamaye Holan, rajistar jama'a mai tsari wadda ta nuna addinin kowa ta sauƙaƙa farautar Yahudawa, har a watan Maris na 1943 'yan gwagwarmaya suka kai wa ofishin hari don su ƙone takardun. Waɗanda suka tsara rajistar ba da mugun nufi suka yi ba. Duk takardar da za ku raba a cika, ku fara tambayar kanku: in wannan ta faɗa hannun maƙiyi, wa za ta kashe? In ba a buƙatar sana'ar mutum da yawan shanunsa don a yi wa ɗansa baftisma, kada a tambaya.

Dokar ƙasa ma tana nan. Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Ta yarda ƙungiyar addini ta riƙe bayanan mabiyanta, da sharaɗin kada ta fitar da su waje sai da yardar mai su. Bayanan yaro sai da izinin iyaye. In bayanai suka zube ta yadda za su cutar da mutane, a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. Saboda haka ɗan siyasar da ya zo neman lambobin wayar 'yan coci, amsarsa a'a ce, ko da shi ya yi mana rufin kwano. Haka kai jerin 'yan aure ko na zawarawa shagon buga takardu: kwafi yakan zauna a kwamfutar shagon, gurɓatattun shafuka kuma su ƙare a hannun mai ƙosai. Sashe na 220 na dokar Ikklisiya ya riga ya hana taɓa mutuncin mutum da sirrinsa. Abin da aka faɗa wa fada wajen furta zunubi kuwa ba ya shiga kowane littafi, wannan kowa ya sani.

Ba ina cewa a rufe akwati a zauna a kai ba. Bayanin da ba ya aiki kaya ne kawai. Farish ɗin da ta san gidaje nawa suka bar wane ƙauye, ina suka sauka, yara nawa suka daina makaranta, mata nawa suka rasa mazaje, gonaki nawa aka bari ba shuka, ita ce za ta iya tsayawa gaban ƙungiyar agaji ta Caritas ko hukumar adalci da zaman lafiya ta dayosis ko shugaban ƙaramar hukuma ta yi magana a saurare ta. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe a 2006 aka yi ta. Kusan babu wanda ya san ƙauyukanmu kamar katikis da liman da mai unguwa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: adadi ya fita, suna ya zauna gida. Kuma tunda harsashi ba ya tambayar addini, in katikis da liman suka haɗa adadinsu suka kai wa dagaci takarda ɗaya, ta fi nauyi. Malaman masallatai da ke nan, duk abin da na faɗa game da shelar baiko ya shafi shelar gudummawar ginin masallaci da jerin masu karɓar zakka.

Abu na ƙarshe shi ne ranar canjin aiki, domin a nan bayanai suka fi salwanta. Fada ya tafi da kwamfutarsa, sakatare ya yi fushi ya riƙe lambar sirri, katikis ya rasu littafi yana ƙarƙashin katifarsa. Ina roƙon a shigar da wannan darasi cikin karatun makarantar horar da katikis da ke Malumfashi. Ina kuma roƙon ofishin bishop ya fitar da takarda mai shafi ɗaya, da Hausa, wadda mai tafiya da mai zuwa za su sa wa hannu gaban shugaban kwamitin coci da shugabar Zumuntar Mata: littattafai nawa ne, daga wace shekara zuwa wace, wa ke riƙe da makulli, yaushe aka aika kwafi Katsina, wane jeri aka ƙone, a gaban wa.