Sharhi: Abin Da Rufe Tashar Komati Ya Koya Mana

A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus da Tarayyar Turai sun yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dala biliyan 8.5 domin ta rage dogaro da kwal, wanda ke ba ta mafi yawan lantarkinta. A Oktoban 2022 kamfanin lantarki na Eskom ya rufe tashar Komati mai amfani da kwal da ke lardin Mpumalanga. Ma'aikatan dindindin an yi musu canjin wurin aiki, amma 'yan kwangila da direbobin tirelolin kwal da mata masu sayar da abinci a bakin ƙofar tashar sun rasa hanyar cin abinci, alhali ayyukan hasken rana da aka yi alkawari ba su kankama ba. An zubar da ruwan randa don an ga hadari.

Wani zai ce hayaƙin kwal na lalata huhun yaran Mpumalanga, don haka jinkiri ma zalunci ne. Gaskiya ne, dole kwal ya tafi. Sai dai duk da gaggawar, an samu jinkirin: da ɗauke wuta ya tsananta a 2023, gwamnati ta ɗage rufe wasu tsofaffin tashoshin. Ga shi mafi yawan kuɗin da aka yi alkawari bashi ne, kuma a 2025 Amurka ta janye daga yarjejeniyar.

Saboda haka duk gwamnatin da za ta rufe tasha, ta fara samar da madadin wuta da aikin yi, kuma ta zauna da mutanen garin kafin ta sa hannu.