"In Na Koya Masa Ya Gudu Fa?"



Ka ce wa mai shago ya kashe kuɗi ya horar da yaronsa, amsar da za ka ji ita ce: "In ya ƙware, gobe ya buɗe nasa a gefena fa?" Eh, ana yin haka. Amma tsaya mu yi lissafin wanda ya zauna bai iya ba.

Ɗauki shagon tela. Saura kwana uku sallah, yaro ya yanka shaddar mutane ba daidai ba. Kai za ka biya shaddar, mai kayan ya tafi, kuma wallahi ba shi kaɗai zai tafi ba, sai ya ba abokansa labari. Ko yarinyar POS da ba a taɓa nuna mata yadda ake gane alat na bogi ba. Asarar yini ɗaya tana iya fin kuɗin koyarwar.

Ga abin da da yawa ba su sani ba. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, tana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara daga kamfanonin da doka ta shafa. Kamfanin da ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idarta yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya.

Batun guduwa kuma, mai gida, yaro ya ƙware ka bar shi a tsohon albashi, me kake jira? Ka ƙara masa, ko ka yanka masa kaso a ciniki.

Mu haɗu a kashi na gaba.