ABIN DA JARIRI YA MANTA, JIKINSA YANA RIƘE DA SHI

 Sau da yawa idan faɗa ya tashi a gida, mukan ce, "Ai jariri ne, bai san kome ba." Yau muna so mu yi tunani a kan wannan magana.

Kowane yaro yakan gāji ƙwayoyin halitta daga uwa da uba. Bari mu kwatanta su da littafin waƙoƙi. Kalmomin ciki ba sa canjawa, amma mai bi da waƙa yana iya sa alama, a buɗe wannan shafi, a rufe wancan. Haka jiki yake sa alamu a kan ƙwayoyin gado, waɗansu su yi aiki, waɗansu su yi shiru. Masana suna kiran wannan ilimi efijenetik. Yunwa da tsoro da rashin kulawa suna cikin abubuwan da ke taɓa alamun nan.

A lokacin sanyi na 1944 zuwa 1945, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus suka tare hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan. Mutane wajen 20,000 suka mutu. Yaran da ke cikin ciki a lokacin ba su tuna kome ba, amma da suka manyanta aka ga ciwon zuciya da na sukari sun fi yawa a cikinsu. A 2008, bayan shekara 60, masana suka tarar alamar da ke kan wata ƙwayar girma a jikin waɗanda aka ɗauki cikinsu cikin yunwar ta bambanta da ta 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya.

To, ashe an rufe ƙofa ke nan? A'a. A 2004, Michael Meaney da abokan aikinsa a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada suka bayyana abin da suka gani wajen ɓeraye. 'Ya'yan da uwarsu ke yawan lasarsu a makon farko sukan tashi da natsuwa. Waɗanda ba a kula da su sosai ba sukan tashi da saurin firgita, domin an danne ƙwayar da ke taimakon ƙwaƙwalwa ta kwantar da sinadarin tsoro. Amma da aka ɗauki ɗan uwa marar kulawa aka ba uwa mai kulawa, sai ya tashi da alamar wadda ta rene shi.

Mutane ma sun ba da shaida. A birnin Bukares na ƙasar Romaniya, an bi rayuwar yara 136 na gidajen marayu, aka ba rabinsu riƙo a gidajen iyali. Waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara 2 suka fi samun ci gaba wajen fahimi da shaƙuwa da mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu bincike gidajenmu. Maigida, idan matarka tana da juna biyu, ka rage mata aiki, ka tabbata ta ƙoshi, kada ka ɗaga mata hannu ko murya. Uwargida, goyo da wasa da rarrashi ba ɓata yaro ba ne, gina shi kike yi. Mu da muke riƙon marayu da yaran da rikici ya kora daga garuruwansu, idan yaro yana razana ko yana fitsarin kwance, kada mu fara da bulala. Mu tambayi abin da ya gani. Mun tuna yadda Ubangijinmu ya hana almajiransa korar yara, ya rungume su.

Wataƙila mu kanmu cikin tsoro muka tashi. Wannan ba la'ana ba ce, ba kuwa dole mu miƙa wa 'ya'yanmu ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana inda muka tsorata ƙanana. Ka ba mu haƙuri da hannu mai taushi, ka warkar da yaran da suka sha wuya. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.