Zazzaɓin Dengi: Ƙwayar da Ba Ta Jure Zafi, Amma Sauro na Yi Mata Rumfa

Jama'a, makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, musamman ku da ke sauke kaya a Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yawunde.

Yau zancenmu kan zazzaɓin dengi ne. Ƙwayar cutar iri 4 ce, kuma idan ta bar jiki, rarrauna ce ƙwarai. Zafi na lalata ta, haka sabulu da ruwan bilic. Shi ya sa idan aka ɗebi jinin mara lafiya za a kai ɗakin gwaje-gwaje, irin na Cibiyar Pasteur da ke Yawunde tun 1959, sai an sa shi cikin ƙanƙara. In ajiyar za ta daɗe, sai an daskarar da shi a sanyin digiri 70 ƙasa da sifili.

To, kun ji rauninta. Ina take samun mafaka ke nan? A cikin jinin mutum da cikin sauro. Wani sauro ne baƙi mai ɗigon fari a ƙafa, da rana yake cizo. In ya ciji mai cutar, bayan kwana 8 zuwa 12 ya zama mai yaɗa ta har ya mutu. Ƙwansa kuwa na iya yin watanni a bushe a jikin tsohuwar taya ko duro, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Kun ga ke nan, mai lodin taya da jarkoki na iya tsallaka iyaka da shi bai sani ba. A 2023 cutar ta ɓulla a Abeche ta Chadi da Sakkwato, ta kuma kashe ɗaruruwa a Burkina Faso.

Malam makiyayi, ba a ɗaukarta daga nono ko nama. Ka dai kula da kwamin shayar da dabbobi.

Hajiya, ki rufe randa da duro, ki goge cikinsu duk mako.

In zazzaɓi ya zo da ciwon bayan ido da ciwon gaɓoɓi, kada ku ce maleriya ce kawai. Ku je a auna jini. Ku sha ruwa sosai da farasitamol, ku guji asfirin da ibuprofen, don suna ƙara zubar jini. In zafin ya sauka amma ga amai, ciwon ciki ko jini a dasashi, a garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne.

Allah Ya ba mu lafiya.