ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: INTANET DA ZAMANMU NA BIRNI

(Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara, washegarin Babbar Sallah)

  



Ranar da sakatare ya kawo mini takardar gayyata, na ga an ce a kan intanet zan yi magana, sai da na yi dariya. Na ce masa, "Kai kuwa ka rasa wanda za ka ɗora wa wannan kaya sai wanda jikansa ke buɗe masa waya?" Sai ya ce, "Malam, ai masu latsa waya muna da su da yawa. Wanda ya ga jiya ya ga yau muke nema." Da wannan hujja ya ɗaure ni. Saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa, ba ilmin injiniyoyi ba.

Jiya

Sa'ad da na fito daga kwalejin horon malamai aka turo ni makarantar firamare ta garin nan, aikina bai tsaya a aji ba. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zaurena cike yake da dattawa masu son a rubuta musu wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da ke Kano, ko Kaduna, ko Ikko. In an gama a sa a ambulan, ko dai a manna kan sarki a kai gidan waya, ko a damƙa wa direban da aka sani a tasha. Amsa takan yi mako biyu ko fiye. Gaisuwa kuwa, mai hali ya aika wa Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna. Saƙo yana da nawa, amma kowane saƙo yana da mai shi, an san hannun da ya rubuta, an san ƙafar da ta kawo.

Wayar tarho ta NITEL sai manyan birane da gidajen masu hannu da shuni. Kafin shekarar 2001, layukan waya a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, alhali mu mun haura miliyan ɗari. A watan Janairu na 2001 gwamnati ta yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta kuma kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai a lokacin yana kai wa Naira dubu ashirin, kira kuma Naira hamsin a minti ɗaya, ko da "salamu alaikum" kawai ka ce. Sai a 2003 da Glo ta shigo aka fara lissafi da daƙiƙa. Da yawanku kun tuna masu lema a bakin titi, da shagunan intanet inda mutum zai sayi awa guda, rabinta ya ƙare yana jiran shafi ya buɗe, kafin ya karanta saƙo kuma an ɗauke wuta.

Yau

Shekarun baya na yi wata uku a Kano wurin ɗana ina jinyar ido. Da yake ba ni da aiki sai zaman ƙofar gida, na ga abubuwa. Na ga mai A Daidaita Sahu ya sauke fasinja, ba a miƙa masa ko sisi ba, ya duba wayarsa ya ce kuɗi sun shigo. Na ga surukata tana sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin ɗakinta, masu saye suna Abuja da Fatakwal, ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Na ga jikana yana sauraron karatun malamin da ya rasu tun kafin a haife shi. Duk wanda ya ce wannan ba ni'ima ba ce, bai yi adalci ba.

Mu kuma sani, wannan abu ya wuce a ce ana so ko ba a so. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta. Yaron ƙauye da bai taɓa dafa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ya faɗi tun kafin ya karanta tambaya. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mun ga mai tumatur da mai shayi sun koma karɓar turansifa dole. A watan Satumba na 2021 kuwa, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, mutane sun riƙa yin doguwar tafiya don su buga waya ɗaya tak. Hatta a watan Maris na 2024, da wasu manyan wayoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin banki sun tsaya wa mutane da yawa. Ashe abin da muke gani kamar iska, igiya ce ke riƙe da shi.

Inda gizo ke saƙa

Abu na farko da ke damuna shi ne labari maras uba. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, dare ɗaya saƙo ya zagaye ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi iyalansu cikin dare, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Ba wanda ya tsaya ya ce, "Wa ya faɗa?" A ƙarshen 2016 kuma MMM ta tafi da dukiyar jama'a, har da ta masu ilmi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Addininmu tun tuni ya umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, waya ba ta soke wannan umarni ba.

Abu na biyu shi ne ya fi ci mini rai, shi ne kuma dalilin tsayuwata a nan. Bara wani dattijo, abokina tun ƙuruciya, ya rasu da asuba. Kafin iyalinsa su shawarta wanda zai sanar da babban ɗansa da ke Ikko, wani yaro ya riga ya sa hoton mamacin a zauren WhatsApp. Ɗan yana bakin aiki ya ga fuskar mahaifinsa. A da, dattijo ake tashi ya je ya zaunar da mutum, ya yi masa nasiha, sa'an nan ya faɗa masa. Bayan haka saƙonnin ta'aziyya suka yi ta zuba kamar ruwan sama, amma ranar sadakar uku da na dubi tabarmi, mu ne dai tsofaffin nan da ba mu iya rubutu a waya ba. Matar marigayin ba ta da WhatsApp. Duk addu'o'in da aka rubuta, ko ɗaya bai shiga kunnenta ba.

'Ya'yana mazauna birni, ban ce ba ku ƙoƙari ba. Kuna turo kuɗin ƙungiya, da su aka gyara rufin azuzuwa, Allah ya saka da alheri. Amma kuɗi ba ya duba maras lafiya, ba ya sasanta 'yan'uwa a kan gona, ba ya nuna wa ɗanka ɗakin da aka haifi kakansa. Akwai 'ya'yanmu da suka san 'yan wasan ƙwallon Ingila ɗaya bayan ɗaya, amma ba su san sunan gwaggonsu ba. A birnin ma na ga majalisa ta mutum shida, kowa ya sunkuyar da kai, ba mai ce wa wani uffan. Na nesa ya matso, na kusa ya yi nisa.

Shawarwari

Na farko, ƙungiya ta nemi kwamfutoci ko da goma ne, da wutar sola, a sa a makarantar sakandarenmu, kada yaranmu su fara ganin kwamfuta a ɗakin jarrabawa.

Na biyu, a kafa doka a zauren ƙungiya: ba a sanar da rasuwa sai iyalan mamaci sun ba da izini, ba a sa hoton gawa ko na haɗari, ba a tura labarin da ba a san tushensa ba.

Na uku, matasa su zauna da iyayenmu su koya musu cewa banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirrinsa. Duk wanda ya tambaya, ɓarawo ne.

Na huɗu, kowane ɗan ƙungiya ya ɗaukar wa kansa alkawarin zuwa gida aƙalla sau biyu a shekara, tare da 'ya'yansa, ya kuma aje wayar a aljihu idan ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

Kammalawa

Jama'a, wuƙa ce aka ba mu, tana fere doya tana kuma yanka yatsa. Mu riƙe ta ta wajen ƙota. A aika saƙo ta waya, a tura kuɗi ta waya, amma zumunta, kamar yadda magabata suka ce, a ƙafa take.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe wa tsoho. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci zuriyarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.