Bakin Mai Neman Aiki: Jawabi ga Matasanmu a Taron Shekara-shekara

 

Kwamitin shirye-shirye ya nemi mu ce wani abu game da yaranmu da suka gama karatu suna neman aiki. Mun zaɓi mu tsaya a kan abu guda, wato mintuna biyun farko da matashi ke yi a gaban masu ɗaukar aiki, lokacin da shugaban kwamiti ya dube shi ya ce, "To, gabatar mana da kanka."

A zamaninmu wannan tambaya ba ta dame mu ba. Da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, malamai aka rasa, ba aiki ba. Wanda ya fito daga kwalejin horon malamai takardar turawa ke jiransa. Yau abin ya juya. Ba mu manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka fito jarrabawar shiga aikin Hukumar Shige da Fice domin guraben da ba su kai 5,000 ba, har aka rasa rayuka a turmutsitsi a filin wasa na Abuja da wasu garuruwa. Duk yaron da ya tsallake irin wannan cunkoso har aka kira shi intabiyu, bai kamata ya zubar da damarsa saboda nauyin baki ba.

Abin da muka lura da shi, a 'yan lokutan da muka zauna tantance sababbin malamai, shi ne yaranmu ba ilimi ke kayar da su ba, kunya ce. Mun tarbiyyantar da su a kan cewa yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya ɗaga murya, kuma yabon kai jahilci ne. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba mu nadamar ta. Amma mutanen da ke zaune a bayan tebur, wani daga Inugu, wani daga Ibadan, ba haka suke fassara ta ba. Idan suka ga yaro ya sunkuyar da kai yana magana ƙasa-ƙasa, sai su ɗauka bai san abin ba ne, ko kuwa yana ɓoye wani abu.

A nan ya kamata mu rarrabe tsakanin fahariya da bayani. Mai fahariya cewa yake ya fi kowa. Mai bayani kuwa faɗin abin da ya iya yake, ya kawo shaida. Malamanmu na nan, sun fi mu sanin cewa a cikin Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci tsare amana da sani a matsayin hujjarsa. Saboda haka faɗin gaskiyar abin da mutum ya iya, a wurin da aka tambaye shi, bai saɓa wa addini ba, bai kuma saɓa wa kunya ba.

To, me za a faɗa? A fara da suna, cikakke, kamar yadda yake a takardu. Bari mu ɗan tsaya a nan, domin matsala ce da ta yi mana katutu. Da can al'ada ce a makarantunmu a rubuta yaro da sunan garinsu, shi ya sa muka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Yanzu sai ka tarar yaro ɗaya yana da sunan gari a takardar firamare, sunan mahaifi a ta WAEC, sunan kaka a lambar NIN, shekarar haihuwa ma ta bambanta. Irin wannan a daidaita shi tun da wuri da takardar rantsuwa ta kotu, kada a bari sai a gaban kwamiti a shiga kame-kame.

Bayan suna sai karatu, a taƙaice, ba sai an faro daga aji ɗaya ba, tun da takardar tarihin karatu da aiki tana gabansu. Daga nan sai a zo kan ƙashin bayan maganar, wato abin da mutum ya taɓa yi da hannunsa. Nan ne yaranmu ke cewa, "Ban taɓa aiki ba." Haba! Shekarar bautar ƙasa fa? Wanda ya koyar da lissafi a wata sakandare a Kuros Riba, ya zauna lafiya da mutanen da ba ya jin yarensu, ai ya yi aiki. Wanda ya riƙe littafin bashi da cinikin shagon mahaifinsa a Kantin Kwari shekara uku ba a taɓa neman kwabo an rasa ba, ya san lissafin kuɗi. Yarinyar da ke kula da ajin yara 40 a Islamiyya ta san sarrafa jama'a. A faɗi abin da adadinsa da tsawon lokacinsa, domin lamba ta fi "ina da ƙwazo" shiga kunne. A rufe da dalilin neman wannan aikin musamman, wanda ke nuna an bincika an san abin da ma'aikatar ke yi.

Akwai abubuwa biyu da muke roƙo a bar su a gida. Na farko, "ni ɗan wane ne." Asali abin alfahari ne a zauren gari, amma a can yakan sa a ɗauka mutum ya dogara da hanya ne. Haka ma takardar shaidar ƙaramar hukuma. Gaskiya ne sashe na 14(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi a dama da kowane yanki a ayyukan gwamnatin tarayya, akwai ma hukumar da aka kafa a 1996 domin sa ido a kan haka. Amma wannan tanadi ƙofa kawai yake buɗewa, ba ya yi wa kowa magana, kuma bankuna da kamfanoni ba ruwansu da shi. Na biyu, kukan talauci: "ni maraya ne, a taimaka." Kwamiti zai tausaya, sannan ya ɗauki wani. Ƙarya kuwa ba ma sai mun faɗa ba, raminta ƙurarre ne, tambaya ɗaya ke tona ta.

Game da shiga, a yi sallama a tsaye, ba a durƙusa ba, a jira a ba da izinin zama. 'Ya'yanmu mata da ba sa musabaha da maza, su dafa ƙirji su gaisa da sakin fuska, ba wanda zai ga laifinsu. Idan ta waya ko kwamfuta za a yi ganawar, kamar yadda ake yawan yi yanzu, a nemi wuri marar hayaniya, a cika caji, a dubi idon kyamara.

Yawancin wannan ganawa da Turanci ake yin ta, kuma harshe sai da gwaji yake laushi. Shi ya sa muke miƙa roƙonmu ga reshen kowane birni. A cikinku akwai daraktoci da manajoji da lauyoyi da suka saba zama a bayan teburin nan. Mutum uku sun isa. Ku ware yammacin Asabar guda a wata, ku zaunar da yaranmu ɗaya bayan ɗaya, ku sa musu agogo, ku yi musu tambayar, ku gyara musu ba tare da dariya ba. Idan aka dawo gida hutun Babbar Sallah, mu tsofaffin malamai za mu nemi aron aji guda a firamaren gari domin waɗanda ke zaune a nan. Sakatare zai karɓi sunayen masu sha'awa kafin a tashi.